Gidan da Na Saya Don In Ɗinke Ɓaraka

Ɗan ƙanwata ne ya faɗo mini ranar Asabar da yamma, waya a hannu, baki har kunne. Ko zama bai gama yi ba ya miƙo mini ita. "Kawu, duba nan. Ɗaki uku da falo. Dillalin ya ce in ba mu ajiye kafin alƙalami ba kafin wata ya mutu, akwai mai jira." Na ce su wa da wa ke nan? Ya ce shi da yarinyar da zai aura, saura wata bakwai. Za su haɗa abin da suka tara su ajiye, banki ya cika sauran, su riƙa biya wata-wata daga albashinsu su biyu. Na ce to in ɗaya ya daina biya fa? Sai ya yi mini irin dariyar da suke yi wa tsoho idan ya tambayi inda ake kunna waya. "Haba Kawu, ai muna son juna."

Amsar nan ta hana ni barci, don ita ce na ba yayana shekara 18 da suka wuce, ba ragi ba ƙari. Har dariyar ma na yi masa.

Lokacin aurenmu na da shekara biyu, muna haya a wani ɗan matsattsen wuri. Ba ma faɗan da maƙwabta za su ji, amma kullum akwai abin da ke tsaye a maƙoshi. Yau gaisuwa ta bushe, gobe a kwana ba magana kan abin da bai kai ya kawo ba. Maimakon in zauna da ita mu tono tushen abin, sai na yanke wa kaina hukunci cewa ƙuncin wuri ne ke jawo ƙuncin zuciya. In mun sami namu, ga ɗakinta, ga nawa, ga na yaran da muke fata, komai zai daidaita. Ita ta ce mu jira shekara ɗaya. Ni na matsa. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Amma kuma a yi mini adalci. Mai gidan da muke ciki ya ƙara mana haya sau biyu cikin shekara biyu. Duk wanda na haɗu da shi sai ya ce haya zubar da kuɗi ce a rijiya. Abokan aikina uku sun saya, ana ta zuwa taya su murna. Kuma gidan da muka ƙare da shi ba ni na zaɓa ba, ita ta gani ta ce shi take so, saboda tagar kicin ɗin na kallon wata bishiya. Wane namiji ne matarsa za ta yi farin cikin da ya daɗe bai gani a fuskarta ba, ya tsaya yana lissafi? Ko da yake, in zan faɗi gaskiya, lissafin na yi shi a daren, na ga ya matse, na ninke takardar na sa a aljihu ban nuna mata ba.

Dillalin ya yi mana waƙar da ake yi wa kowa: gida ba ya faɗuwa, akwai wani mai kuɗi a hannu da ke jira. Mai jiran nan har yau ban ga fuskarsa ba, kuma ga shi ya dawo yana jiran gidan ɗan ƙanwata. Batun gida ba ya faɗuwa kuwa, mutanen Amurka ma haka aka gaya musu kafin 2008, sai darajar gidaje ta rikito, miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan da suke ciki, bankuna suka yi ta ƙwacewa. A Sifaniya ma haka aka sha. Nawa bai rikito ba. Tsayawa ya yi cik, kuma tsayawar ma ta isa ta karya mutum, za ku ji dalili.

Abin da ba a gaya wa mai sayen fari shi ne kuɗin da ke bajewa a bakin ƙofa. La'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin rajistar takardu, haraji, ladan wanda banki ya turo ya ƙiyasta darajar gidan, inshorar da banki ya ce dole. Duk wannan ba ya zama ko bulo ɗaya a jikin gini. Ranar da muka karɓi makulli ba mu da ajiyar ko wata guda. Ruwan sama na farko ya nuna mana yoyon da fenti ya rufe a silin. Bayansa famfo, bayansa wayoyin wuta. Da a haya ne sai in kira mai gida in yi masa ƙorafi. Yanzu ni ne mai gidan, wa zan kira? Kuma da yake inda ƙarfinmu ya kai ke nan, gidan na can gefen gari, kowannenmu na kashe kusan awa biyu a hanya kullum. Mu dawo a gajiye, mu tarar da takardar biya a kan tebur.

Sai faɗan ya sauya kama. Da can kan gaisuwa ne, yanzu kan wa ya biya me. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to namu bangon da tsagarsa muka shigo, muka ɗora masa bene a kai. Shekara uku da tarewarmu muka rabu. Ba zan faɗi abin da ya raba mu ba, ba naku ba ne, kuma ita ba ta nan balle ta kare kanta.

Na je banki da tunanin abu ne mai sauƙi: a cire sunanta, in ci gaba da biyan rabona. Ma'aikacin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, mu ba mu muka haɗa ku ba, ba kuma ruwanmu da rabuwarku." Ya juyo mini da takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Ashe babu wani abu wai shi rabona. Idan mutum biyu suka ci bashi tare, kowannensu na ɗauke da bashin gaba ɗaya. Ɗaya ya daina biya, banki zai bi ɗayan a kan duka, kuma in aka yi latti sunan su biyun ne zai ɓaci. Ashe kuma takardar mallakar gida daban, takardar bashi daban. Ana iya cire sunan mutum daga ta farko ya ci gaba da zama a ta biyu. Fita daga ta biyun sai banki ya yarda, shi kuwa ba zai yarda ba sai ya auna albashin wanda ya rage ya ga zai ɗauki nauyin shi kaɗai. Nawa bai kai ba. Da ya kai ai da tun farko ban nemi nata ba.

A nan ne na nemi a nuna mini nawa muka rage daga bashin. Ku ɗauki biro ku bi ni, don wannan lissafin ya fi duk surutuna amfani. A ce ka ci bashin 100, za ka biya cikin shekara 25, kuɗin ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara. Bayan shekara uku kana biya ba fashi, abin da ya fita daga aljihunka ya kusa 33. Abin da ya ragu daga uwar kuɗin kuwa 3 ne da ɗan ɗoriya. Ana binka kusan 97. Bayan shekara biyar ka biya sama da 54, ana binka 94. Haka tsarin yake: a shekarun farko kusan duk abin da kake zubawa ruwa ne, uwar kuɗi sai can gaba take fara narkewa. In ka kai ƙarshe, 100 ɗin nan ka biya ta 272 da wani abu. To wanda ya sayar a shekara ta uku, ya biya wata la'adar da wani lauyan a hanyar fita, gidan kuma bai ƙara daraja ba, da me zai tashi? Ni da nake zagin haya, ashe haya na yi shekara uku ina biyan banki, har da gyaran rufi kyauta.

Hanya uku ce ta rage mana: mu sayar mu raba, ko ɗaya ya sayi kason ɗaya, ko mu zuba 'yan haya mu ci gaba da zama abokan kasuwanci da mutumin da ba ka son jin muryarsa. Ita ta ce a sayar. Da na bi ta, da asarar ta tsaya a nan. Na ƙi. Na ce ba zan zubar da abin da na riga na zuba ba, alhali abin da aka zuba ya riga ya tafi ko an sayar ko ba a sayar ba. Gaskiyar magana, kunya ce ta riƙe ni, kada a ce ya rasa mata ya rasa gida. Wataƙila kuma, can ƙasan zuciya, ina ganin muddin gidan na nan da sunanta, ƙofa ba ta rufu ba. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Sannan aka zo rabo. Ita ta fi ni zuba kuɗin farko, wannan gaskiya ne. Ni na fi ta biyan wata-wata, ni na biya birkila da mai gyaran famfo. Ina shaida? Babu. Ba mu rubuta komai ba, don masoya ba sa ajiye rasit. Shekara biyu muka yi lauyoyi na aika wa juna wasiƙu, kowace wasiƙa da kuɗinta. Mutum biyu da za su iya rabuwa su riƙa gaisawa, gida ya mayar da su abokan gaba. A ƙarshe albashina ya ɗan ɗaga, na sake cin sabon bashi na biya ta, agogon shekara 25 ya koma farko. A tsakanin nan aka yi mini tayin aiki mai kyau a wani gari, na kasa tafiya, don ba a ɗaukar gida a ka. Ɗakin da muka yi wa fenti don yara, ɗan haya na sa a ciki, muna haɗa kicin da shi ina da shekara arba'in.

Na zauna rubutun nan da niyyar jero muku shawara goma. Da na duba sai na ga yawancinsu ado ne.

Kada ka sayi gidan da albashi ɗaya ba zai iya riƙewa ba. Ba rabuwa kaɗai nake nufi ba, akwai ciwo, akwai sallama daga aiki, akwai mutuwa. Na san abin da za ku ce: Kawu, a yau wane matashi ne albashinsa shi kaɗai zai sayi gida? Gaskiya ne, ban da amsa. Sayi ƙarami, ko ka jira. Ku dai matsalarku ba kwa son ƙarami, don ƙarami ba ya kyau a hoto. Makullin ma ba a gama miƙo muku ba kun ɗora shi a Instagram, takarda mai shafi talatin kuwa ko shafin farko ba ku karanta ba, ku da kuke kwana kuna karanta rigimar mutanen da ba ku sani ba.

In dole sai kun haɗa kuɗi, ku je wurin lauya tun kuna dariya da juna. A rubuta wa ya zuba nawa, kason kowa nawa ne, in an rabu wa ke da damar fara saye, wa zai ƙiyasta daraja, wata nawa za a jira kafin a sa shi a kasuwa. Dokar rabon dukiya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a wurare da yawa waɗanda ba su kai ga aure ba kariyarsu ba ta kai ta ma'aurata ba, saboda haka ku tambaya kafin ku sa hannu. Za ta ce ba ka yarda da ita ba, ko shi ya ce kina yi wa auren fatan tsiya. To in magana a kan takarda guda ta gagare ku, bashin shekara 25 fa? Ko da yake ni ma da yayana ya kawo mini wannan shawarar, kusan shekara na yi ba na zuwa gidansa. Saboda haka ban san me ya sa nake zaton ku za ku ji ba.

Wadda ta fi zafi kuma: in akwai abin da ke damun ku a tsakaninku, gida ba zai gyara shi ba, ƙara masa nauyi zai yi. Ku fara zama tare shekara biyu a haya, ku ga halin juna a kan kuɗi, hayar nan kuɗin makaranta ce.

Amma fa kada ku ji wannan ku miƙe ƙafa. Ina da sa'o'in da suka yi ta jiran lokacin da ya dace, yau furfura ta cika musu kai suna neman sabon wurin haya duk bayan shekara biyu. Ni kuwa, duk da wautata, ina da inda ba mai buga mini ƙofa ya ce in tashi, kuma gidan yanzu ya fi kuɗin da na saye shi nesa ba kusa ba. Wani lokaci ina zama a kicin in kalli bishiyar nan in ce ashe ban yi asara ba. Sai in tuna saura shekara 12 in gama biya, in tuna aikin da na bari, in tuna matar da ko a hanya muka haɗu sai ɗayanmu ya tsallaka titi. Ku saya, kada ku saya, ni dai na gaya muku abin da ya same ni.

Jiya yaron ya bugo. "Kawu, mun ajiye kuɗin. Ranar Laraba za a sa hannu, ina so ka zo ka zama shaida." Na ce batun lauyan fa? Ya ce za su duba, yana magana ina jin yana danna wata wayar. Na ce zan zo, amma da sharaɗin sai an karanta takardar a gabana daga farko har ƙarshe, ko da za mu wuni. Ya ce, "Kai Kawu." Na ajiye waya na ciro tsohon fayil ɗina daga ƙarƙashin gado, takardar lissafin nan da na ninke tana ciki, ta yi jaja-jaja. Da ita zan tafi. Kafin nan dai sai na nemi mai gyaran rufi, silin ɗin falo ya sake yin tabo a daidai wurin nan na farko.