Sakatar da ke cikin bindigar kakan Alhaji

Ni maƙeri ne a Damagaram, kuma ƙaramar maƙerata da yara huɗu take tafiya. Abincinmu na kullum kwaɗo ne da sakata da ƙofofin ƙarfe. Idan Sallah ta matso kuma, 'yan bindigar hawa sukan kawo bindigoginsu na toka mu goge tsatsa, mu gyara ƙota, mu ɗaure abin da ya saki. Amma aikin da ya fi zama mini a rai shi ne na wata tsohuwar bindiga da wani Alhaji ya kawo a naɗe cikin buhu, ya ce ta kakansa ce, yana so a tsabtace ta ya rataye a zaure. An daɗe da toshe bututunta, ba ta tashi, kuma da wannan sharaɗi na karɓa.

Da na warware buhun sai gabana ya faɗi. Wani ya riga ni taɓa ta, ya bi gefe ɗaya da magagari har ƙarfen ya yi fari fat, rubutun da ke wurin ya tafi. Na ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan ɓarna?" Ya ce wani mai gyara ne da ya ga tsatsa ya ɗauka datti ce. Abin ya ƙona mini rai, domin rubutun jikin tsohon ƙarfe shi ne takardar haihuwarsa. Allah Ya sa ɗaya gefen ya tsira. Kwana tara muka yi tana jiƙe da kananzir, kullum da safe in bi ta da tsumma da ɗan man keken ɗinki, ban bar yaro ko ɗaya ya kusance ta da abin kankara ba. A rana ta tara haruffa suka fito: St Étienne, garin Faransa inda aka ƙera ta, da Mle 1874, wato samfurin shekarar 1874. Bindigar Gras ce ta Faransa, irin wadda sojojinsu suka riƙe a zamanin da suka ci ƙasar nan a 1899.

Ranar da maɗaurin bayanta ya motsa na kira yaran duka. Na ɗaga mariƙin sama, na ja baya, ramin harsashi ya buɗe. Na tura gaba, na kwantar da shi, ya kulle ƙam. Ƙaraminsu ya ce, "Maigida, ai wannan sakata ce!" Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya fara kai wannan dabara hannun soja, Nikolaus von Dreyse, ɗan mai ƙera kwaɗo ne daga garin Sömmerda a Jamus, an haife shi a 1787. Ya yi aiki a Faris yana saurayi, ya koma gida, kuma a 1841 sojojin Furusiya, wata daula ta Jamusawa a lokacin, suka karɓi bindigarsa. Duk wanda ya yi shekaru yana ƙera sakatar ƙofa zai gane hannun ɗan'uwansa a wannan aiki.

Harsashin Dreyse a cikin takarda yake, albarushi da dalma a naɗe wuri guda. Wata doguwar allura ce ke huda takardar, ta ratsa albarushin, ta doki abin kunna wuta da ke gindin dalmar. Ke nan kowane harbi allurar tana tsakiyar wuta, shi ya sa take ci ta karye, soja kuma sai ya riƙe wata a ajiye. Hayaƙi ma yana tsiyayowa ta baya ya doki fuskar mai harbi. Duk da haka, a yaƙin 1866 sojan Ostiriya sai ya miƙe tsaye ya ɗura ta baki, kamar yadda 'yan bindigarmu ke yi ranar hawa, shi kuwa na Furusiya yana kwance rub da ciki yana sa harsashi ta baya. Furusiya ce ta yi nasara.

A wannan shekarar Faransa ta fito da tata, ta Chassepot, wadda aka sa wa zoben roba don ya tare hayaƙin. Robar kuma zafi yana cinye ta. Basile Gras ne ya raba gardama a 1874 da ya koma ga harsashi mai kwanson tagulla: idan wuta ta tashi, kwanson da kansa yake buɗewa ya manne da bangon ramin, hayaƙi ya rasa hanya. Harsashi ɗaya take ɗauka, mai faɗin milimita 11, kuma Chassepot da yawa an mayar da su wannan tsari.

Ƙotar na shafe ta da man darbejiya sau uku, na bar duk tabon da ke jikinta yadda yake. Gefen da aka kankare kuwa na bar shi ya yi duhu da kansa. Alhaji ya zo karɓa bayan La'asar, ya ja sakatar sau biyu yana sauraron ƙararta, ya biya kuɗin aikin, ya kuma ce a ƙera masa ƙugiya biyu na ratayewa.