Neman asalin 'yan Ailan a New York: a gama da birni kafin a tsallaka teku

Yawancin masu kawo mini aikin neman asalin kakanninsu 'yan Ailan abu biyu suke riƙe da su: sunan gida, da maganar da aka gada baki da baki cewa "daga Cork suka fito". Wannan maganar ba na jefar da ita, amma ba na gini a kanta. A gundumar Cork ne tashar Queenstown take, wadda yanzu ake kira Cobh, kuma ta nan dubban mutane daga gundumomi daban-daban suka hau jirgi. Sau da yawa abin da jikoki suka riƙe wurin hawa jirgi ne, ba wurin haihuwa ba.

Shi ya sa ba na fara aiki da Ailan ko kaɗan. Takardun can an jera su ne bisa wuri, ba bisa suna ba. Tsibirin Ailan gaba ɗaya na da gunduma 32, kuma an kasa shi zuwa ƙananan yankunan gona kusan dubu 61 da suke kira townland, wasu ba su wuce gida biyar ko goma ba. Ga kuma ɓarnar 1922: a ƙarshen watan Yuni, a farkon yaƙin basasarsu, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, takardun ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851 suka tafi sai 'yan guntaye. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata tun kafin nan. Saboda haka wanda ya shiga takardun Ailan da sunan Murphy ko Kelly ko Sullivan kawai, zai sami ɗaruruwan masu sunan a shekarar da yake nema, ba shi da hanyar ware nasa. Sunan ƙauyen a New York ake samo shi.

Ina farawa da mutumin ƙarshe da aka tabbatar da shi, in riƙa ja da baya. Takardun haihuwa da aure da mutuwa na birnin suna ma'ajiyar tarihin birni da ke lamba 31 a titin Chambers, kuma tun 2022 an sa hotunan mafi yawansu a intanet kyauta: haihuwa zuwa 1909, mutuwa zuwa 1948, aure zuwa 1949. Takardar mutuwa ba kasafai take faɗin fiye da "Ireland" a wurin haihuwa ba, amma abu uku nake cira daga cikinta: adireshin da ya mutu, shekara nawa ya yi a Amurka, da maƙabartar da aka kai shi. A kula, kafin 1898 Brooklyn gari ne mai zaman kansa da nasa littattafan, don haka in an rasa mutum a Manhattan sai a duba tsallaken kogi.

Daga nan sai ƙidaya. Ta tarayya ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowa a gida. Ta 1880 ta ƙara dangantakar kowa da maigida, ta 1900 kuma ta tambayi shekarar shigowa ƙasa, shekara nawa da aure, da 'ya'ya nawa mace ta haifa, nawa ne a raye. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai: in an rubuta ta haifi tara, huɗu ne a raye, to akwai takardun baftisma da na mutuwa biyar da ba a nemo ba tukuna. Ta 1890 gobara ta ci ta a Washington a 1921. Gurbin nan ina cike shi da ƙidayar da 'yan sandan birni suka yi a Manhattan a 1890, da ta jiha ta 1892 ga mutanen Brooklyn. Ga waɗanda suka zo lokacin yunwar dankali ta Ailan, tsakanin 1845 da 1852, ƙidayar jiha ta 1855 ta fi kowace, don ta tambayi shekara nawa mutum ya yi a garin.

Shekarun haihuwa kuwa, ba na musu da takarda a kansu. Mutumin da aka ce yana da 30 a 1860 sai ka tarar da shi da 36 a 1870. Yawancinsu ba su san ranar haihuwarsu ba, wani lokaci ma maƙwabciya ce ta amsa wa mai ƙidaya. Nakan ba da ratar shekara biyar gaba da baya, in dogara da jerin sunayen yara da sana'ar maigida. Haka rubutun suna: O da Mc suna faɗuwa suna dawowa, Reilly ya koma Riley, Bridget ta zama Delia a gidan da take aikatau, Honora ta zama Nora, Owen ya zama Eugene.

Matsalar birni ita ce talaka ba ya zama wuri ɗaya. A New York ta wancan zamani ranar 1 ga Mayu kuɗin haya ke ƙarewa, gari ya cika da amalanke ana kwashe kaya. Don bin sawun iyali shekara bayan shekara ina amfani da littattafan adireshi na Doggett da na Trow, waɗanda babban ɗakin karatun New York ya sa a intanet. Shekarar da sunan miji ya ɓace, na matar ya bayyana da alamar cewa mijinta ya rasu, ka san inda za ka nemi takardar mutuwa. Adireshin ne kuma yake nuna cocin da suke zuwa. Iyalin da ke unguwar Five Points, misali, cocin Transfiguration da ke titin Mott zan fara dubawa.

A littafin coci ba sunan jaririn ne ya fi damuna ba, sunayen mutum biyun da suka tsaya masa a baftisma ne, da shaidun aure. Kusan kullum ƙane ne ko ƙanwa ko ɗan ƙauyensu. Mutanen nan ba ɗai-ɗai suka zo ba: 'yar aikatau ta tara kuɗi ta aika wa ƙanenta tikiti, shi kuma ya jawo na bayansa, har ka ga rabin bene guda 'yan yanki ɗaya ne. Saboda haka nakan buɗe shafi ga kowane mai tsayawa, in bi shi kamar shi ne aka ba ni aikinsa. In kakan da ake nema bai bar sunan ƙauyensa ko'ina ba, ƙanwarsa da ta auri mai shago ko ƙanensa da ya shiga soja wataƙila sun bari. Littattafan cocin Katolika na Manhattan da Bronx da yawa suna Findmypast, shafin intanet na neman asali. Brooklyn tana ƙarƙashin nata bishop ɗin tun 1853, nata daban ake nema.

Takardar da ta fi kowace daraja a wurina ita ce ta bankin Emigrant, wanda ƙungiyar taimakon baƙi 'yan Ailan ta buɗe a 1850 a titin Chambers. Da yake da yawa cikin masu ajiya ba su iya sa hannu ba, sai magatakarda ya yi wa mutum tambayoyin da ɓarawon littafin ajiya ba zai iya amsawa ba, ya rubuta amsoshin a wani babban kundi: ƙauyen haihuwa da gunduma, wani lokaci har mil nawa ne zuwa garin kasuwa mafi kusa, sunan jirgi da watan isowa, sunan uba da na uwa na gidansu, ko suna raye, 'yan'uwa da inda kowanne yake. Layi huɗu ko biyar ne da rubutun hannu a cunkushe, amma sukan warware abin da sauran takardu goma ba su warware ba. Ainihin kundayen suna babban ɗakin karatun New York, hotunansu kuma suna shafin intanet na Ancestry. Kada a ce kakanmu lebura ne ba zai yi ajiya a banki ba. Leburori da masu wanki da dillalan titi sun cika shafukan. Sai dai magatakarda yadda ya ji yake rubutawa, don haka sunan ƙauyen sai an karanta shi da ƙarfi, a gwada shi da jerin sunayen townland na gundumar.

Bayan banki sai jarida da maƙabarta. Sanarwar mutuwa a New York Herald ko Brooklyn Daily Eagle takan ce mamacin ɗan yankin coci kaza ne a gunduma kaza. Jaridar Boston Pilot ta riƙa buga tallar cigiyar dangi daga 1831 zuwa 1921, kuma ba mutanen Boston kaɗai ba, daga ko'ina a Amurka ake aikowa. A maƙabartar Calvary da ke Queens, wadda aka buɗe a 1848, da Holy Cross ta Brooklyn, kabari guda yakan ɗauki mutum da yawa. Ana biyan kuɗi ofis ya ba da jerin duk wanda ke ciki, kuma a nan suruka ko ƙanwar uwa da ba a san da ita ba take fitowa. In akwai wanda ya yi yaƙin basasar Amurka, kamar 'yan runduna ta 69 ta New York, fayil ɗin fanshon matarsa ko uwarsa yakan ƙunshi shaidar aure daga limamin coci na can gida, har da wasiƙu.

Jerin fasinjojin jirgi, wanda kowa yake so ya fara da shi, ni a ƙarshe nake taɓa shi. Na zamanin Castle Garden, tashar karɓar baƙi ta New York daga 1855 zuwa 1890, da na gabanninsa, suna ne da shekaru da sana'a da "Ireland", shi ke nan, kuma da yawa daga Liverpool suka taso. Sai bayan buɗe sabuwar tashar karɓar baƙi a tsibirin Ellis a 1892 aka fara ganin mazauni na ƙarshe, daga 1907 kuma sunan dangi mafi kusa da aka baro a gida da adireshinsa. Takardar zama ɗan ƙasa ma haka take: kafin Satumban 1906 kotuna barkatai ne ke bayarwa kuma ba kasafai take faɗin garin haihuwa ba, sannan kafin 1922 matar aure ta mijinta take bi, ba ta da tata. Dabarar ita ce a nemo ɗan wa ko ɗan ƙane da ya iso a makare, bayan 1907, yana cewa wurin kawunsa za shi. Takardarsa za ta faɗi ƙauyen da ta kawun ba ta faɗa ba.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani. Kafin 'yancin Ailan, gundumar Offaly sunanta King's County, Laois kuma Queen's County, ga shi Brooklyn tana Kings County, maƙwabciyarta kuma Queens. Masu shirya fihirisa sukan rikita su.

Sai na sami sunan wuri a takarda biyu da ba su dogara da juna ba nake tsallakawa zuwa Ailan. A can, rajistar gwamnati ta haihuwa da mutuwa da auren Katolika a 1864 ta fara, tana irishgenealogy.ie kyauta. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda ɗakin karatun ƙasar Ailan ya sa hotunansu a intanet a 2015, sun tsaya wajen 1880, da yawa da Latin: James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus. Iyakar yankin cocin Katolika ba ɗaya take da ta yankin gwamnati ba, don haka nakan duba na kewaye ma. Sannan in nemi sunan uban a littafin kimanta filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864, wanda ya nuna mai haya da mai ƙasa da girman gona.

Abin da ke tabbatar mini na sami gidan daidai ba suna ɗaya ba ne, tarin sunaye ne: uba da uwa da sunan gidansu, da 'yan'uwa uku ko huɗu a jeren da na gani a New York. Al'adar raɗin sunansu tana taimakawa, don ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, kusan yadda muke mayar da sunan iyaye a gidajenmu. Alama ce dai, ba hujja ba. A yammacin ƙasar, irin su Mayo da Donegal, wasu littattafan coci ba su fara ba sai bayan 1850, wato bayan mutumin ya riga ya bar gida. A irin wannan hali nakan rubuta wa waɗanda suka ba ni aikin sunan townland ɗin da gidajen masu sunansu da Griffith ya nuna a ciki, in nuna musu a fili cewa daga nan zato ne, in tsaya.