Abin da na gano a bayan ɗakin gashi ranar da injin ya tsaya

Sati uku kenan muna kai Gwaggo asibiti gashi, wato maganin sankara da haske mai ƙarfi, kullum da safe, Litinin zuwa Juma'a, sai ranar nan muka iso muka tarar da mutane jugum-jugum a baranda wai injin ya tsaya. Sankarar mama ce da ita, an yi aiki an cire, likita ya rubuta mata gashi sau 25 ya kuma ja mana kunne kar mu riƙa tsallake kwana. To ga shi za a tsallake ba da son mu ba. Gwaggo ta dube ni ta ce "ɗan nan ba kai ne mai aikin wuta ba? Je ka jiyo mana me ya samu abin."

Ni dai sana'ata haɗa sola da gyaran inbata, amma na je. Na samu injiniyan a wani ɗaki ta baya ya buɗe wata katuwar durowar ƙarfe, na ce Injiniya sannu da aiki, ya amsa a gajiye, da ya ji abin da nake yi sai ya ɗan saki jiki ya nuna min wani abu kamar babbar kwalba ya ce wannan ne ya gaji, tayiratiron sunansa, makunni ne, kuma sai an kawo wani daga waje. Makunni ɗaya ya zaunar da mutum sama da talatin a baranda. Kwanakin da muka yi muna jira ban iya barci sosai ba, sai na duƙufa karatu a waya, kuma wallahi tun daga nan abin bai sake ni ba.

Injin da ke gashin, linak, aikinsa ya kori elektiron da mugun gudu su je su daki wani ɗan ƙarfe, tongistin, daga nan hasken eksire mai ƙarfi ya fito a saita shi kan inda cutar take. Abin da ke tura elektiron ɗin kuwa igiyar maikurowef ce, dangin ta injin ɗumama abinci, wasu injinan ma magnetiron ne ke samar da igiyar a cikinsu kamar na kicin. Sai dai na kicin wat 800 ko 1000 ne, wannan kuwa yana son wat miliyan biyu zuwa biyar. Ina asibiti zai samo wannan wutar? A nan dabarar take. Ba a ba shi wutar a jere. Tara ta ake yi a hankali cikin kapasito, wato ma'ajiyar caji, sai makunnin nan ya sake ta gaba ɗaya cikin makirosakan huɗu ko biyar, wato kashi huɗu ko biyar cikin miliyan na sakan ɗaya, a sake tarawa a sake saki, sau ɗaruruwa a sakan. Na yi lissafin a bayan rasit: megawat 3 na makirosakan 4, sau 300 a sakan, kilowat 3.6 ne kacal idan aka baje shi. Inbatar da nake haɗa wa masu shago ta fi haka. Kamar famfo ne mai ɗiga cikin randa tun safe, ɗigon ba zai kori ko kaza ba, amma kifar da randar a tashi ɗaya ka gani.

Wanda ya fara shimfiɗa hanyar nan da kyau wani Bajamushe ne, Erwin Marx, a 1924. Ya jera kapasito da yawa ya caja su gefe da gefe da bolt ɗaya, sannan tartsatsi ya haɗa su kai da gindi a lokaci guda, bolt ɗinsu ya taru, goma masu bolt dubu ɗari su ba ka miliyan. Duk wanda ya taɓa haɗa batura ya san bambancin haɗin nan biyu, abin da ya burge ni shi ne yadda ake sauyawa daga wannan zuwa wancan cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma iska ce makunnin. A Ingila kuma akwai Alan Blumlein da ya fito da layin wutar da ke gyara siffar bugun, wato sakin wutar nan na lokaci guda, ya fita daidai, ya rasu a 1942 a hatsarin jirgin da suke gwajin rada. Bayan 1960 Charlie Martin da mutanensa a Aldermaston, cibiyar makaman nukiliyar Birtaniya, suka haɗa waɗannan dabaru don ɗaukar hoton eksire na abin da ke tsakiyar fashewa. Ban ɓoye ba, aikin makaman nukiliya ne ya ba fannin kuɗi ya girma, kuma wannan yana min nauyi a zuciya.

Wani abu da ya juya min kai shi ne ruwa. Mu tun muna koyon aiki ake ce mana ruwa da wuta ba sa haɗuwa. Masu ƙera irin waɗannan injina kuwa ruwa suke zubawa tsakanin ƙarafan da ke ɗauke da miliyoyin bolt, ruwan da aka tace aka cire masa duk gishiri, saboda na ɗan makirosakan ɗaya yana iya riƙe wutar kafin ta keta shi, kuma yana adana caji kusan ninki 80 na iska. Lokacin ne ya yi gajarta har wutar ba ta samu damar ɓallewa ba.

Babban yayan waɗannan injina shi ne injin Z a cibiyar bincike ta Sandia, garin Albukaki na jihar New Mexico a Amurka. Faɗinsa ya haura mita 30, janareton Marx 36 ne zagaye da shi cikin man taransifoma, sai ruwa, sai tsakiya inda babu iska. Yana sako amfiya kusan miliyan 26 cikin nanosakan ɗari, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. A wannan ɗan lokacin ƙarfinsa ya ninka na duk tashoshin wutar duniya a haɗe sau da yawa. Amma abin da ya tara kafin bugun, jul miliyan 20 da 'yan kai, da na mayar da shi lissafin mita sai na ga yunit shida ne. Yunit shida, abin da gida mai firiza da fanka ke sha a yini. Sau uku ina maimaita lissafin nan.

Ɓangaren maikurowef mai tsananin ƙarfi kuwa Rashawa sun yi nisa. A Tomsk can Saiberiya, Gennady Mesyats ya kafa cibiyar nazarin wuta mai yawan amfiya a 1977, shi da abokan aikinsa suka bayyana yadda ƙananan tsinin da ke bakin ƙarfe ke fashewa idan bolt ya yi yawa, su zama filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi da ke ɗaukar wuta, elektiron su kwararo dubban amfiya ba tare da an ɗumama komai ba. Sai a bi da kwararar nan ta cikin bututu mai gargada, maganaɗisu na riƙe da ita, ta bar ƙarfinta ya koma igiya. Tun 1973 wasu masana a Rasha suka fitar da ɗaruruwan megawat ta haka, a 1976 kuma aka gwada magnetiron irin wannan a jami'ar MIT ta Amurka. Yau ana maganar gigawat, wato wat biliyan, amma na nanosakan goma-goma, don filasmar da ta ba da elektiron ita ce kuma ke cika bututun ta kashe bugun da wuri. Sojoji na son abin don ƙona kayan lantarki daga nesa, a 2012 Boeing da sojan saman Amurka sun gwada wani makami mai linzami, CHAMP, a Utah, ya bi ta kan gine-gine ya kashe kwamfutocin ciki, yanzu kuma jirage marasa matuƙi ake son kakkaɓowa da irin wannan igiyar. Ni dai na karanta ne, hankalina na can baranda.

Abin da ya fi tsaya min, injiniyan ya ce sababbin injina sun fara barin tayiratiron, wanda kwalba ce mai iskar haidirojin da dole wata rana ta ƙare, sun koma jera IGBT, wani ƙaramin makunnin lantarki marar kwalba, da yawa. IGBT fa, wanda nake cirewa ina sawa a inbata kusan kullum. Na ce masa Injiniya ashe mu ma za mu iya koyo, ya ce sosai ma, amma a fara da sanin cewa kapasiton nan ko an kashe wuta yana riƙe da abin da zai kashe mutum nan take, sai an sauke shi da sandar ƙasa kafin hannu ya shiga.

Kwana goma sha ɗaya aka yi kafin kayan ya iso. Likita ya sake duba lissafin Gwaggo saboda kwanakin da aka rasa. Ranar da aka shigar da ita na roƙi Injiniya ya bar ni na tsaya bakin ɗakin baya, na ji durowar ta ɗauki wani zuuu siriri, na san bugu ɗaruruwa ne ke fita a kowane sakan, bai fi minti biyu ba ya yi shiru. Da ta fito tana gyara mayafi ta ce "to ɗan nan, ka gano abin?" Na ce na gano Gwaggo, makunni ne. Ta ce Allah Ya yi wa wanda ya gyara albarka, mu je kar rana ta yi.