Dutsen Cape Town da na ce a bari sai gobe

Wata biyu kenan da dawowarmu daga Cape Town amma har yau in na buɗe hotunan wayata sai na ji wani abu ya tokare min a ƙirji, don kusan kowane hoto dutsen nan yana bayanmu, a bakin teku yana nan, a ƙofar masallaci yana nan, ta tagar otal yana nan, amma babu ko guda ɗaya da muka ɗauka daga samansa. Kwana biyar cur muka yi a gindinsa ba mu hau ba, kuma ba rashin kuɗi ba ne, ba rashin lafiya ba, ni na jawo mana da taurin kaina.

Maganar biza da jirgi ba zan ɓata muku lokaci ba, duk wanda ya nemi bizar Afirka ta Kudu da fasfo ɗin Najeriya ya san sai da haƙuri. Mun sauka ranar Litinin da daddare cikin watan Janairu, lokacin su can tsakiyar zafi ne mu kuma mun baro hazo da sanyi a Kano. Garin nan ne mazaunin majalisar dokokin ƙasar, gwamnati tana Pretoria, kuma tsakiyarsa a matse take tsakanin teku da wannan dutse da suke kira Table Mountain, wato dutsen tebur, don samansa a shafe yake sai ka ce an yanke shi da wuƙa, tsayinsa ya haura mita 1,080.

Talata da asuba uwargida ta ja labule ta kira ni, "Baban Khalifa zo ka ga ikon Allah." Sama tas, ba ɗigon gajimare, ko ganyen bishiya ba ya motsi, har ana hango 'yar motar igiyar da ke hawa da mutane saman dutsen tana rataye kamar ƙwayar gero. Ta ce don Allah mu fara da hawan dutsen nan yau. Na ce mata ai na riga na biya kuɗin yawon gonakin inabi tun muna gida, yau ce ranarmu, kuma sharaɗinsu in ka fasa a ƙurarren lokaci ba sa maida ko sisi. Sai na faɗi maganar da har yanzu take min yawo a ka, na ce ai dutse ba ya gudu, gobe ma rana ce.

Dattijon da ke ɗaukarmu a mota, Musulmi ne ɗan asalin garin, Boeta ake ce masa, kamar a ce yaya a wajensu, shi ma sai da ya ja min kunne a hanyar kai mu inda bas ɗin yawon ke jira. Ya ce su a nan in ka tashi ka ga dutsen ba hula, wato ba gajimare a kansa, to ka ajiye komai ka hau, komai kuwa. Na yi murmushi na ce ai muna nan har Lahadi. Bai ƙara cewa uffan ba.

To bari na faɗi gaskiya game da yankin inabin, wurin yana da kyau, kyau na gaske. Stellenbosch bai fi kilomita 50 daga Cape Town ba, tsohon gari ne da Turawan Holan suka kafa tun 1679, tituna duk inuwar manyan bishiyoyi da fararen gidaje masu rufin ciyawa. Daga nan aka hau da mu ta Helshoogte aka gangara Franschhoek inda Faransawan da suka gudo saboda rikicin addini suka zauna wajen 1688, kwari ne duwatsu sun kewaye shi, kunyoyin inabi a jere kamar an ja su da zare har inda ido ya tsaya. Ni da na taso ina zuwa gonar kakana a Bichi wallahi sai da na tsaya ina kallon yadda aka ɗaure kowace kurangar inabi a jikin waya, ga siririn tiyo a ƙasa yana ɗiga ruwa a gindin kowace.

Matsalar ita ce abin da na biya ba kallon gona ba ne. Na san ana giya a wurin, ban ce ban sani ba, amma na ɗauka abu ne na gefe, mai so ya sha mara so ya zaga gona. Ashe shi ne tafiyar gaba ɗaya. Gona uku aka kai mu, kowacce da an sauka daga bas sai a wuce da ku kai tsaye kan dogon tebur, an jera wa kowa kofunan gilas biyar a gabansa, wani yana bayani ana zubawa, kusan awa guda a zaune. A gonar farko uwargida ta kalle ni kawai, ba ta yi magana ba, ta gyara mayafinta ta miƙe, ni ma na bi ta, don mun san hukuncin zama a teburin da ake shan giya, kuma ko ba hukunci warin kaɗai ya ishe ka. Muka koma ƙarƙashin bishiya a waje. Wata ma'aikaciya ta tausaya mana ta kawo ruwan inabi zalla mai sanyi wanda ba a tsima ba, sai da na karanta jikin kwalbar sau biyu kafin mu sha, kuma gaskiya da daɗi. Abincin rana kuwa katako aka kawo an shirya cuku da burodi da yankakken nama iri-iri, da na tambaya aka ce akwai na alade a ciki kuma duk a haɗe suke, don haka busasshen burodi da 'ya'yan zaitun muka nema daban. Azahar da la'asar a kan ciyawa muka yi su bayan wurin ajiye motoci.

Abu ɗaya da na ƙaru da shi shi ne da muka bar tawagar muka shiga cikin gonar da ƙafa. Lokacin an fara girbi, muka tarar da mata da almakashi a hannu suna yanke nonon inabi suna jefawa a kwandunan roba, rana kuwa tana dukan su ba sassauci. Ɗaya ta miƙo mana nono guda, ƙwayoyin ƙanana ne ba irin na kasuwar 'Yan Lemo ba, fatar da kauri, ga iri a ciki, amma zaƙi kamar zuma. A bakin tsohon gidan gonar kuma akwai wata ƙararrawa rataye tsakanin fararen ginshiƙai biyu, 'yan tawagarmu suna ta hoto a gindinta. Da yamma Boeta ya ce min da ita ake tashin bayi aiki, kuma cikin bayin da aka kawo yankin daga wajen Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik har da kakannin Musulmin garin. Ya ce ko bayan soke bauta a 1834 an daɗe ana biyan leburorin gona wani ɓangare na ladansu da giya, abin da ya bar shaye-shaye a gidaje da yawa har yau. Mai bayanin kan tebur dai bai taɓo wannan ba a ɗan abin da na ji.

Duk wannan wunin, in muka hau tudu, ina hango dutsen can nesa, fes, ba hula.

Laraba da tsakar dare iska ta taso. Ban taɓa jin irinta ba, ba guguwar farkon damina ba ce da za ta yi minti ashirin ta wuce, wannan busawa take ba tsayawa daga kudu maso gabas, tagogi na ƙara, kwandunan shara na birgima a titi, sai ka ga mutum ya riƙe ƙarfen fitila yana jiran tsallaka hanya. Suna ce mata likitan Cape wai don tana share ƙazantar iskar gari, kuma a watannin zafi ta fi ƙarfi, daidai lokacin da muka zaɓa. Da gari ya waye farin gajimare ya kwanta a saman dutsen yana zubowa ta gefe kamar an shimfiɗa mayafi a kan tebur, abin sha'awa ga mai kallo, amma ma'anarsa motar igiya ba ta aiki. Laraba a rufe. Alhamis a rufe, har jirgin ruwan Robben Island da muka yanki tikiti don ganin inda Mandela ya yi shekara 18 shi ma aka soke. Na ce to mu hau dutsen da ƙafa ta hanyar Platteklip, Boeta ya ce sam, awa biyu zuwa uku ne na hawan matakalar dutse tsaye, ga gwiwar uwargida, kuma in gajimaren ya rufe ka ko tafin hannunka ba ka gani, mutane na rasa ransu a haka.

Abin da ya fi cin raina shi ne lissafin a fili yake. Iska ba ta rufe gona. Da Talata muka hau dutse, Laraba ko Alhamis mu ɗauki Boeta rabin wuni ya zaga da mu Stellenbosch da Franschhoek, mu tsaya inda muke so mu sha ruwan inabi mu ci abincin halal, har mu biya ta Macassar inda kabarin Shaihu Yusuf yake, malami ɗan Indonesiya da Holan suka koro zuwa Cape a 1694, da kuɗin bai kai abin da na biya ba. Garin neman gira na rasa ido, don kar na yi asarar kuɗin yawon da ko rabinsa ba mu amfana ba na yi asarar abin da ya kawo mu.

Juma'a ce ta ɗan wanke min zuciya. Mun je Bo-Kaap, unguwar Musulmi mai gidaje kala-kala a jikin Signal Hill, ƙarfe 12 daidai igwa ta tashi a saman tudun har uwargida ta yi salati, ashe kullum ake bugawa ban da Lahadi da ranakun hutu. Na yi sallah a Masallacin Auwal da ke titin Dorp, masallacin farko a ƙasar, tun 1794. Limaminsa na farko Tuan Guru, basarake ne daga Tidore da aka ɗaure a Robben Island, a can ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma akwai kwafin rubutun hannunsa a masallacin. Ni da na yi allo na san abin da ake nufi da a ce mutum ya zauna ya rubuce sittin ba tare da dubawa ba, sai da idona ya kawo ruwa. Bayan an idar muka ci bobotie, wani gasasshen niƙaƙƙen nama, da samosa da wani abu kamar fanke mai kayan ƙamshi da kwakwa da suke kira koesister, ba tambayar halal ne ko ba halal ba.

Asabar kuma na sake maimaita kuskuren a ƙarami. Da safe na duba shafin intanet na masu motar igiyar na ga a rufe, maimakon mu zauna kusa sai na ce mu tafi Simon's Town kallon tsuntsayen penguin a Boulders. Wajen sha ɗaya Boeta ya duba waya ya ce an buɗe. Muka juyo a guje, kusan awa guda a hanya, titin Tafelberg cike da motoci don duk wanda ya yi kwana uku yana jira ya fito, muka shiga layi. Motar tana ɗaukar mutum 65, ƙasanta yana juyawa don kowa ya ga ko'ina, minti biyar kacal take kaiwa sama, ina tsaye ina ƙirga sau nawa za ta je ta dawo kafin a zo kanmu. Saura bai fi sawu biyu ba na ji mayafin uwargida ya fara kaɗawa, can sai aka sanar an daina hawa da mutane, sauko da na sama kawai za a yi. Wani yaro a gabanmu ya fashe da kuka.

Don haka in za ka je, kar ka ɗaure ranarka ta farko da wani abu da ka biya wanda ba a fasawa. Kullum da asuba ka leƙa dutsen ka duba shafinsu, in a buɗe yake tafi a lokacin, da rigar sanyi don sama ba kamar ƙasa ba ne. Yawon gonaki kuma ka tambaya ɓaro-ɓaro me ke cikin kuɗin kafin ka tura, in aka ce ɗanɗano to giya ake nufi, gara ka ɗauki direbanka.

Da yammar Asabar Boeta ya kai mu Signal Hill kallon faɗuwar rana, sai kusan ƙarfe takwas ta faɗi, ga dutsen Lion's Head a gefe ga fitilun gari suna kunnuwa a ƙasa. Uwargida ta ce ai wannan ma ya isa, Allah bai nufa ba ne. Har yau ba ta taɓa ce min ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi min ciwo. Na fara tara kuɗi, Boeta ya ce in mun tashi dawowa mu zo wajen Maris ko Afrilu lokacin iskar ta lafa.