Yadda ake zuƙe ƙura a injin casa da na niƙa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin injin casar shinkafa a Kura, ko wajen masu gyaran hatsi a Dawanau, ya san yadda ma'aikata ke fitowa da yamma: gira fari fat, gashin baki kamar an barbaɗa masa gari, ga tarin da ba ya jin magani. Idan ƙorafi ya yi yawa, abin da mai inji kan yi shi ne ya fasa bango ya dasa ƙatuwar fanka, ya raba wa yara takunkumi. Fankar bango tana rage zafi, babu musu. Sai dai kafin ƙurar ta isa gare ta, ta riga ta ratsa ta gaban hancin mai aiki, ya kwashi rabonsa.

Kuma wadda ido ke gani ita ce mai sauƙin. Ɓuntu da ƙaiƙayi suna da nauyi, nan da nan suke faɗuwa ƙasa. Mai cutarwar ita ce wadda ba ta kai maikuron 10 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kai guda ya kai wajen maikuron 70. Irin wannan takan daɗe tana shawagi a iska bayan an kashe inji, kuma ita ce ke zarcewa har cikin huhu. Ga hanyar ganinta: a rufe ƙofa da tagogi, a haska tocila mai ƙarfi a bakin inji yana aiki, a koma can gaba a kalli hasken a kaikaice, ana kare ido daga kan tocilar. Za a ga hayaƙi yana tashi daga wuraren da aka rantse babu komai. A Birtaniya, iyakar ƙurar gari da ta hatsi da doka ta yarda mai aiki ya shaƙa ita ce miligiram 10 a kowace kubik mita ta iska cikin awa 8 na aiki, don an san tana jawo asma.

Na'urar zuƙar ƙura sassa biyar ce a jere: murfin da ke kama ƙurar, bututu, matata mai tace ƙurar, fanka, da bututun fitar da iska waje. Mutane sun fi zuba kuɗi a fanka, amma murfin ne ke yanke hukunci.

Dalili kuwa shi ne zuƙa ba ta da dogon hannu. Hura iska daga bakinka, za ka kashe ashana daga nesa. Gwada kashe ta da zuƙa ka gani. Haka bututu yake: idan ka ja baya daga bakinsa da tazarar da ta kai faɗinsa, gudun iskar ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Wato bututu mai inci 6 da aka rataye taku biyu sama da bakin buhu ado ne kawai. Ninka tazara sau biyu, sai ka nemi iska kusan ninki huɗu kafin ka kama ƙura iri ɗaya. Saboda haka a rufe wurin da ƙura ke fita gwargwadon iko da falan kwano, a bar ƙofar da aiki ke buƙata kaɗai, a ja iska daga cikin akwatin. Wuraren da suka fi tayar da ƙura sanannu ne: inda ake juye shanshera a mazurari, kan rariyar tankaɗe, ƙasa da saman injin da ke hawa da hatsi, da bakin ɗura buhu. A wajen juye buhu, murfin ya kasance a baya da gefe biyu, iska ta riƙa wucewa daga bayan mai aiki zuwa cikin murfin. Idan aka ɗora shi a saman kansa, to an mayar da fuskarsa hanyar ƙura.

A bututu kuma magana ɗaya ce: gudu. Ƙurar hatsi da ta katako tana son iska mai gudun wajen mita 20 a daƙiƙa kafin ta ci gaba da tafiya, in ba haka ba ta kwanta. Lissafin ba shi da wuya. Bututu mai inci 4 a wannan gudun yana ɗaukar kusan kubik mita 565 a awa, mai inci 6 kusan 1,270, mai inci 8 kusan 2,260. A ce kana da rassa uku, biyu masu inci 4, ɗaya mai inci 6. Ninka kowane faɗi da kansa ka tara: 16 da 16 da 36, ya zama 68. Lambar da za ka ninka da kanta ta kusanci 68 ita ce 8, to uwar bututun inci 8 ce, kuma fankar za ta ja kubik mita 2,400 a awa. Mai walda zai ce a sa inci 12 don iska ta sake. Kada a yarda. Iskar za ta sake ɗin, gudunta ya faɗo ƙasa da rabi, dusa ta kwanta a ciki har bututun ya yi nauyin da zai tsinke marataya. A ƙwanƙwasa shi da sanda: mai tsabta yana ƙara kamar gwangwani, wanda ya cika sai ka ji dum.

Reshe ya shiga uwa a karkace, digiri 30 zuwa 45, ta gefe ko ta sama, yana bin hanyar da iska ta nufa. Haɗin da aka yi a miƙe kamar harafin T yana cin ƙarfin fanka a banza. Gwiwa ta zama mai lanƙwasa a hankali, tazarar da ke tsakanin cibiyar lanƙwasar da tsakiyar bututun ta kai faɗin bututun sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Tiyon roba mai ƙwarya-ƙwarya a taƙaita shi iya inda inji ke girgiza, don yana riƙe iska fiye da ƙarfe mai santsi nesa ba kusa ba. Ɓuntun shinkafa yana da wani hali nasa: akwai sinadarin yashi a jikinsa, yana cin ƙarfe kamar sanfefa. Bayan gwiwa yake fara hudawa. Masu dabara suna yin bayan gwiwar da kwano mai kauri, a ɗaure da noti, in ya cinye a kwance a sa wani ba tare da an yanka layin ba.

Daga nan sai mazurarin juyi, wannan dogon ƙarfen mai tsinin ƙasa da ake gani a bayan injina, wanda masu aiki ke ce wa saikulon. Iska na shiga ta gefe tana juyawa, mai nauyi ya bugi bango ya zame ƙasa. Yana kwashe ɓuntu da dusa sosai, amma mafi yawan ƙura mai laushin nan wucewa take abinta. Wanda ya tsaya a kansa kaɗai ya tace abin da bai fi cutarwa ba, ya aika wa maƙwabta sauran. Wani abin lura: idan fanka tana bayan mazurarin, durom ɗin da ke ƙasa dole ya rufu gam da roba. 'Yar kafa kaɗan ta isa iska ta kutso ta ƙasa ta ɗaga abin da ya riga ya sauka. A kuma juye shi kafin ya cika.

Buhunan tacewa ne ke kama mai laushin, kuma a nan aka fi yin rowa. Ga buhunan da ake kaɗewa da girgiza, ƙa'idar da ba ta ba da kunya ita ce murabba'in mita ɗaya na yadi ga kowace kubik mita ɗaya ta iska a minti. Misalinmu na 2,400 a awa ya zama 40 a minti, wato yadi murabba'in mita 40. Buhu mai faɗin santimita 15 da tsayin mita 2 bai cika murabba'in mita ɗaya ba, don haka ana maganar buhu arba'in da 'yan kai. Kwatanta wannan da buhun atamfa guda biyu da ake ɗaurewa a bakin bulowa. Ko dai su toshe cikin awa guda iska ta tsaya, ko saƙar ta buɗe ƙura ta fice.

Sanin halin da buhunan ke ciki ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A samo tiyo siriri mai haske, irin na magina, a lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, a zuba ruwa zuwa rabi, a haɗa baki ɗaya kafin buhunan, ɗayan bayansu. Bambancin tsayin ruwan shi ne awo. Yawanci santimita 10 zuwa 15 lafiya ne. A ja layi da fenti ranar da aka fara aiki. In ruwan ya yi ta hawa ko bayan an kaɗe, yadin ya toshe. Da damina laima kan sa dusa ta daskare a jiki kamar siminti, haka ma in ana casar shinkafar da aka turara ba ta bushe ba. In kuwa ruwan ya faɗo kwatsam, buhu ya yage ko ya zame daga maɗaurinsa.

Fankar ta zauna a ƙarshe, bayan matata, don ƙura kada ta ci fikafikanta, kuma duk inda layin ya hude iska ciki za ta shiga maimakon ƙura ta fito. A misalin nan, in jimillar turjiyar layin ta kai santimita 25 na ruwa, moto mai kilowat 4 zai ɗauka. Abu biyu ke yawan kashe mata ƙarfi ba a sani ba. Na farko, mai gyaran wuta ya sauya wayoyi biyu cikin ukun nan bayan an taɓa canji tsakanin NEPA da janareta, fankar ta koma juyawa da baya. Ba ta daina zuƙa, shi ya sa ba a ganewa, amma iskar takan ragu da kusan rabi. A zana kibiya a jikinta. Na biyu, bel ya saki ko janareta ya gaza. In juyin ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, iska ta ragu da kashi 10, ƙarfin jan kuwa da kusan kashi 19. Bututun fitarwa ya zarce rufi, bakinsa sama, nesa da taga, kuma kada a kifa masa hular kwano mai maido da iskar ƙasa. Ɗakin ma a bar masa inda sabuwar iska za ta shigo. In ƙofa tana wuyar buɗewa idan an kunna fanka, alama ce iskar ta yi kaɗan.

Sai batun wuta, wanda mutanenmu ba su cika yarda da shi ba sai sun gani. Gari, dusa, sukari da ƙurar katako duk suna fashewa in sun cika iska a rufaffen wuri suka sami tartsatsi. A ranar 7 ga Fabrairun 2008, ƙurar sukari ta tarwatsa masana'antar Imperial Sugar a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka mutu. Fashewar farko ba ita ta fi ɓarna ba: girgizarta ce ta tayar da ƙurar da ta taru a kan ƙarfunan rufi da ƙasa, ta biyun ta bi gini. Ƙurar da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba a kan faffaɗan wuri ta isa. Don haka akwatin buhunan tacewa a waje ya kamata ya zauna, da ƙofa mai rauni da za ta fara buɗewa ta fuskar da babu mutane. A sa maganaɗisu a bakin mazurarin da ake juye hatsi ya tsince ƙusa kafin ta shiga inji ta ba da wuta. Bututun ya zama na ƙarfe, a haɗa gaɓoɓinsa da waya a kai ta ƙasa, musamman saboda hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa bututun roba tara wutar da ke tsartuwa. Walda a jikin layin kuwa sai an kashe, an buɗe, an share tas.

Shara ma tana da nata. Tsintsiya a busasshiyar ƙasa da hura iskar kwamfaresa a jikin inji ko a tufafi suna mayar da duk abin da ya kwanta sama. A bar bakin bututu guda a ƙarshen wani reshe, mai murfi, kusa da daɓe, a riƙa tura shara gare shi da faifan roba bayan an tashi aiki, a rufe shi kafin a kunna injina da safe don kada ya raba iskar da sauran rassan.