Talata: sanda, firam da haki

Aikin yau kusan duk a kan masu karaya ya ƙare, waɗanda likita ya hana su taka ƙafa. Mutum biyu, karaya iri ɗaya a idon sawu, kowa da siminti har ƙasan gwiwa. Saurayin ya karɓi sandunan hammata. Dattijon, wanda ya haura 65, 'ya'yansa suka zo masa da firam mai ƙafa huɗu marar taya, don suna ganin ya fi aminci. Wajen hana faɗuwa sun yi gaskiya, amma fa yana cin ƙarfi. Kafin ya kai ƙarshen baranda ya tsaya yana haki, goshi sharkaf da gumi. Na ce, "Baba, a ɗan zauna tukuna."

Lafiyayyen mutum yana yin kamar mita 80 a minti, ƙafafu na karɓa-karɓa. Da an hana taka ƙafa ɗaya, kowane taku sai kafaɗu da hannuwa sun ɗaga jiki gaba ɗaya sun wurga shi gaba. Tsokar hannu ƙarama ce, kuma aikin hannu ya fi na ƙafa ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Shi ya sa ko matashi a kan sanduna bugunsa kan kai wajen 150 cikin 'yan mintuna, alhali saurinsa ya ragu sosai. Firam marar taya ya fi tsanani idan aka auna da nisan da aka ci: a ɗaga shi, a ajiye, a yi tsalle, a tsaya, a sake. Babu saurin da ke ɗorewa daga wannan taku zuwa wancan. Ga nauyin simintin da cinya ke riƙe da shi a sama.

Lissafin dattijon mai sauƙi ne: iyakar bugun zuciya ita ce 220 a cire shekaru, wato wajen 155 ko ƙasa da haka. Ke nan bugun da saurayi zai jure, shi iyakarsa ce. Idan kuma yana shan maganin da ke rage bugun zuciya, ƙirga bugun zai yaudare ka, gara a sa shi magana yana tafiya. In ya kasa kammala jimla ba tare da jan numfashi ba, a tsaya. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, an tashi daga atisaye ke nan sai likita ya gani.

Da rana muka gyara sandunan saurayin, sun yi masa tsawo. Ƙa'idar: tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakanin hammata da kan sanda, mariƙi daidai da wuyan hannu idan hannu ya sauka, gwiwar hannu ta lanƙwashe digiri 20 zuwa 30, gindin sanda kamar santimita 15 daga gefen ƙafa. Nauyi a tafin hannu yake sauka. Wanda ya gaji yakan rataye a hammata, ya danne jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu, sai hannun ya fara lanƙwashewa ƙasa. Robar gindin ɗaya ma ta cinye, an sauya.

Shi dattijon, keken ɗora gwiwa aka gwada masa, tunda ciwon a ƙasan gwiwa yake kuma ɗaya ƙafar da ƙarfinta. Gwiwa a kan matashi a digiri 90, ƙugu a daidaice, hannu kusa da birki. Hakin ya ragu nan take. Sai dai ba ya hawa bene, kuma yakan kife a kwana idan aka yi gaggawa. Doguwar tafiya kuwa keken guragu ne, ba abin kunya a ciki.

Na rubuta wa likitan ƙashi tambaya ko zai yarda dattijon ya riƙa ɗan taɓa ƙasa da ƙafar ba tare da ɗora nauyi ba, don hakan yana hutar da cinya ya kuma taimaki daidaito. Gobe da safe za a ji amsa, kafin atisayen matakala.