Tayar da sandar jirgi: abin da na koya a bakin ruwan Legas

Ni kafinta ne, ɗan Yawuri, na tashi ina ganin kwalekwale a kogin Kwara. Da aka kawo mini aikin gyaran wani ƙaramin jirgi mai tafiya da iska a Legas, katakon na sani, jirgin ne baƙo. Irin wanda ake kira GP14 ne, tsawonsa ƙafa 14, wani Baturen Ingila mai suna Jack Holt ya zana fasalinsa a 1949. Na hannu ne, mai shi ya saye shi da araha bayan ya daɗe a kife ƙarƙashin tamfol. Fentinsa na ƙyalli, kuma a kan fentin nan aka yi ciniki.

Darasin farko kunne ne ya ba ni shi. Jikin jirgin filawud ne, kuma filawud daga ciki yake ruɓewa ya bar fuskarsa lafiya. Sai ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shi taƙi bayan taƙi kana ƙwanƙwasawa. Inda yake da rai za ka ji ƙara a tsaye, inda ya sha ruwa za ka ji ta a dushe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ruwan gishiri ne ya cinye shi ba, ruwan sama ne da ya kwanta a lungunan ciki damina bayan damina. Mun yanke ruɓaɓɓen har sai da muka tarar da katako mai kyau, muka sa filawud na musamman da ake yi don jirage, wanda galibi da icen okume na ƙasar Gabon ake yinsa. Gam ɗin da ake liƙawa da shi, ifoksi, ruwa biyu ne ake haɗawa bisa ma'auni, kuma ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Da laimar Legas, wannan na nufin jira. Mai jirgin ya ƙosa, na ce masa, "Ranka ya daɗe, in muka rufe danshi a ciki, baɗi war haka za ka sake nemana." Ya haƙura.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda nauyi yake tafiya a cikin irin wannan jirgi. Kwalekwale kaya yake ɗauka, nauyinsa ƙasa yake yi, shi ke nan. A nan kuwa ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja. Doguwar sandar alminiyam da ake ɗaura yadin da iska ke turawa a jikinta ba ta iya tsayawa da kanta. Wayoyi 3 ne ke riƙe da ita: ɗaya dama, ɗaya hagu, ɗaya a goshin jirgin. Idan iska ta cika yadin, wayar da ke ɓangaren iskar tana fizgar gefen jirgin sama, ita kuma sandar tana danna gindinta ƙasa a kan ƙashin bayan jirgin. Wayar ɗaya ɓangaren ma sai ka ga ta saki tana lilo. Ke nan a wannan lokacin, duk ƙarfin iskar yana rataye ne a kan waya ɗaya da kaurinta bai wuce milimita 3 ba, da wani ɗan fil, da ɗan ƙarfen da aka ɗaure a jikin katako da noti. Tun da na gane haka na daina kallon jirgin daga fenti, na koma bin hanyar nauyin: daga saman sanda, zuwa waya, zuwa fil, zuwa noti, zuwa katakon da ke bayan notin. A can bayan notin na ƙara wa katakon kauri, wurin da babu mai gani.

Wayoyin kansu silili 19 ne aka murɗe. Ana bin su da tsumma, in ya maƙale to wani silili ya tsinke, kuma waya mai tsinkakken silili ta gama aiki. Ƙarfe marar tsatsa da ake yin wayoyin da shi ma suna ne kawai a ruwan gishiri. Yakan ci daga cikin matsin da aka danne bakin wayar, inda iska ba ta shiga. Haka kuma duk inda ya haɗu da alminiyam, gishiri na shiga tsakani sai ka ga farin gari, alamar sandar ce ke cinyewa. Dole a kwance, a goge, a shafa abin da zai raba su kafin a mayar. In za ka sayi noti, na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316 ake nema don ruwan teku, kuma ka tafi kasuwa da maganaɗisu: wanda ya manne masa da ƙarfi, ba 316 ba ne.

Ranar tayar da sandar, aikin na 'yan mintoci ne, shirin ne mai tsawo. Kafin komai sai ka ɗaga kai. Wutar lantarki na bin alminiyam, kuma sanda mai wannan tsawo in ta taɓa wayar lantarki, wanda ke riƙe da ita ba ya tashi. Ban yarda a tayar da ita a inda aka yi gyaran ba, sai da muka tura jirgin fili. Muka juya goshinsa ya fuskanci iska. Duk igiyoyin da ke jan yadi sama an zura su tun sandar tana kwance, domin wanda aka manta sai an sake sauke ta.

Ƙanena da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Yaya, ai ba ta da nauyi, ni kaɗai ma zan iya." Gaskiya ne ba ta da nauyi a kwance. Da zarar ta miƙe, tsawonta ne ke rinjayar mutum, 'yar iska kaɗan sai ta kwashe ta daga hannunka. Na ce masa ya riƙe, mutum ɗaya ne zai yi magana, sauran su bi. Muka zaunar da gindinta a gurbinsa, aka maƙala wayar dama da ta hagu, sannan ta goshi, kuma bai saki hannu ba sai da na ce masa fil na ƙarshe ya shiga. Kowane fil na sa masa zobensa na naɗe da salatif, don kada igiya ta zare shi, kada kuma ya yaga yadi.

Don a tabbatar ta tsaya daidai, ba a dogara da ido. Igiyar da ke saukowa daga ƙololuwa ake ja a taɓa gefen dama, a riƙe wurin da yatsa, a kai gefen hagu. In tsawon ya zo ɗaya, ta zauna a tsakiya. Tamu ta ɗan karkata hagu, muka matsa fil ɗin wayar rami ɗaya a jikin ƙarfen da take maƙale.

Bayan fitar farko sababbin wayoyin da muka sa sun ɗan saki, kamar yadda suka saba, aka sake ɗaure su. Na roƙi mai jirgin abu biyu: duk dawowa a wanke sandar da wayoyin da ruwan famfo, kuma in za a ajiye shi a cire toshiyar baya a ɗaga goshinsa, ruwan sama ya samu hanyar fita.